Katakon Fawa da Rawanin Kawu Nomau

Tun ranar da na dawo daga Sakkwato ba ku bar ni na huta ba. In na shimfiɗa nama a kasuwa, wani ya tsaya ya ce, Illa, yaya birni? In na fito masallaci, wani ya ja ni gefe, wai da gaske ne fitilarsu ba ta shan kananzir? To ku zauna, yau zan faɗa maku gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata bayan wannan kuwa, ni da shi ne. Ni ba kallon birni na je ba, ƙafafun ƙanena Shaibu na je ceto. Kun ga yadda na dawo da shi, amma ba ku san inda abin ya lalace ba, don Kawu Nomau ya riga ni ba ku labari, ya ce maku gargadar hanya ce. Wallahi ba hanya ba ce.

Da bazara ne, gab da faɗuwar ruwa. Shaibu ya hau rumbun Kawu Nomau, ƙanen uwarmu, zai gyara mashi jinka. Tsani ya zame, ya faɗo da baya a kan turmi. Ina rumfata aka zo aka kira ni. Kafin in iso rabin Tajaye ta taru a kansa, kowa da maganinsa a baki. Gwaggo Ige uwar tagwaye, wadda ake kai wa targaɗe da ciwon baya ta taka, har ta tuɓe takalmi. Maɗorin garinmu kuma, mutumin kirki ne, ya iya ƙafa ya iya hannu, yana cewa a samu ƙarfafa biyu ta hammata, biyu ta ƙafa, a ja shi ƙashin ya koma.

Ni mahauci ne ɗan mahauci. Na san ba ku ba mu ɗiyanku, kuma in ana shawara a zaure bakin ƙofa ne wurinmu. Amma shekara ashirin ina raba gadon bayan dabba da gatari, a cikinku wa ya taɓa leƙa cikinsa? Ƙashin baya ba guda ba ne kamar taɓarya. Gaɓa-gaɓa ne aka jera, da guringuntsi a tsakani, kowace gaɓa da rami, laka ta bi ta cikin ramin tun daga ƙeya har kwankwaso, fara, mai taushi kamar dafaffiyar jijiya. Na sha sayen ragon da saniya ta taka wa baya. Yana ci, yana kuka, idonsa garau, amma ƙafafun baya sai ja. In na feɗe, ƙashin ya goce ya datse lakar. Ƙashi yana ɗoruwa, laka ba ta ɗoruwa.

Na durƙusa na fara daga kai. Na bi ƙwaryar kansa da yatsa ban ji inda ta lotsa ba, fata ce kawai ta tsage a ƙeya, kunne da hanci ba jini ba ruwa. Haƙarƙarinsa biyu na dama sun karye, ina jin su ƙas-ƙas in ya ja numfashi. Na sa ya tofa miyau a tafina, ba kumfar jini, na san tsinin ƙashin bai huda huhu ba. Sai na zura hannu ƙarƙashin bayansa a hankali. Daidai inda haƙarƙari suka ƙare na ji wani tudu da bai kamata ba, ya yi ƙara. Na ciro tsinken tsire daga aljihu na soka mashi a tafin ƙafa, ya ce wash. Na ce ya motsa babban yatsa, ya motsa, dama da hagu. Na ce alhamdu lillahi, lakar tana nan.

Da na miƙe na ga Gwaggo Ige tana matsowa, sai na zare wuƙa na kafa ta a ƙasa. Na ce duk wanda ya taɓa bayan yaron nan, ko ya zaunar da shi, sai dai a yi gawa biyu. Aka yi ta salati, wai Illa ya haukace, wai mahauci ya mai da ɗan'uwansa akuya. Ban kula su ba. Na aika aka ɗauko katakon da nake saran nama a kai, don duk garin ba wani abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi da ya kai tsawon mutum sai shi. Mu shida muka zura shi a kai kamar ana ɗaukar ƙwai. Rabi matarsa ta ba da zane biyu, na ɗaure gwiwa da idon sawu. Saura kafaɗa da ƙugu, ba igiya mai faɗi. Na dubi kan Kawu na ce ya ba ni rawaninsa. Ya yi kamar bai ji ba. Na ce a kan rumbunsa aka faɗo. Ya warware ya ba ni, yana gunaguni wai rawanin kamu goma ne, na zuwa idi.

Kawu ya ce shi ma zai bi mu, don in abin ya kai mu Sakkwato gidan surukin Shaibu za a sauka, kuma ba a shiga gidan suruki ba babba. Ban so ba, amma na ƙyale shi ya biyo mu.

Mutum huɗu suka taya mu ɗauka har bakin hanyar Tawa. Duk ƙauyen da muka ratsa, mata na barin daka, maza na miƙewa suna inna lillahi, sun ɗauka makara ce. Wani tsoho har ya bi mu da carbi yana tambayar wa ya rasu, sai Shaibu ya amsa mashi daga kan katako cewa tukuna dai, Baba. Tsohon ya kusa faɗuwa. Ga ƙudaje sun ji warin tsohon maiƙo sun yi mana rakiya, Kawu na korarsu da hannun riga, rana na dukan sanƙonsa.

Motar da ta tsaya mana kamyon albasa ce, babbar motar kaya, daga Badaguishiri. Direban da farko ya ce shi ba ya ɗaukar gawa a kan kayan mutane. Da ya ga mai rai ne sai ya ce to a kwance shi a zaunar da shi gaba kusa da shi, ya fi daɗi. Kun ji irin taimakon da ya dinga bina har Sakkwato, kowa da zuciya ɗaya yake son ya kashe mani ɗan'uwa. Na ce a kan buhuna za a shimfiɗa shi. Na kwanta gefe na rungume katakon da hannu da ƙafa, duk ramin da motar ta faɗa a ƙirjina yake ƙarewa. Na yi ta dukan kan motar ina cewa a rage gudu, har direban ya tsaya ya leƙo ya ce in ni na iya in zo in karɓi sitiyari. Na gaya mashi abin da ba zan maimaita a gabanku ba. Ya rage dai.

A Tsarnawa aka tsaya shan ruwa. Wata mai fura, Allah ya saka mata, ta hau har kan buhunan ta dinga ɗura wa Shaibu da ludayi kaɗan-kaɗan ta gefen baki, ba ta ce a ɗaga kansa ba, ba ta kuma karɓi ko tamma ba. Duk tafiyar nan ita kaɗai ta taimaka ba tare da ta kawo shawara ba. Na soka tsinke, ya ji. Yatsa ya motsa.

Mun shiga Konni da la'asar, muna warin albasa kamar miya. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likita, wani dogo mai tabarau, ya duba Shaibu bai kwance ko ƙulli ɗaya ba. Ya tambayi wa ya yi ɗaurin. Kawu ya yi wuf ya ce ai shi ma ya hana, wanga yaro ne da taurin kai, mahauci ne. Majo ya ce to mahaucin ya fi su hankali. Ya yi wa Shaibu allura, ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi, kuma likitan da ke kusa ya tafi ƙasarsu hutu, saura Yamai ko Sakkwato. Yamai ta yi nisa ga mai irin wanga baya. Ya rubuta takarda ya ba ni, ya riƙe hannuna ya ce, “Ko gobara ta tashi, da katakon za ku fitar da shi. Kada ya zauna.” Kawu na tsaye, da kunnensa ya ji.

Gidan sarkin fawan Konni muka kwana. Ɗan sana'a ba ya rasa masauki, ya ba mu zaure, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da romon kai. Shi kaɗai ne ban yi wa dogon bayani ba. Ya taɓa bayan Shaibu daidai wurin, ya dube ni, na ce nan ne, ya girgiza kai. Da safe ya samo mana akori-kura mai zuwa Sakkwato, ya sa aka zuba yashi a buhuna aka tokare katakon ta kowane gefe.

Iyaka kuma, Allah ya isa. Namu jandarmomin suka karanta takardar majo suka ɗaga sanda. Da muka isa ɓangarensu, a Illelarsu ba tamu ba, muka faɗa hannun wani ɗan duwan, wato kwastan, mutumin kudu, ba ya jin Hausa. Takardar da Faransanci take, shi Ingilishi ya sani, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Ashe masu fasa-ƙwauri sun saba kwantar da mutum a kan taba da turare su ce marar lafiya ne. Ta bakin direba ya ce a kwance Shaibu ya tashi tsaye. Na ce ba ya tashi. Ya kama bakin rawanin zai ja, na kama hannunsa. Ku tuna bindiga ke rataye a kafaɗarsa, ni kuwa ko a jikina. Direba na ta oga, oga, Kawu ya ɓuya bayan mota. Wani ɗan sanda Basakkwace ya shiga tsakani, na ce ya gaya wa ɗan duwan in ƙarƙashi yake son gani, za a nuna mashi ƙarƙashi. Muka ɗaga katakon mu huɗu har kafaɗa, da mutum a kai, ɗan duwan ya duƙa ya leƙa. Bai ga komai ba sai saran gatari da maiƙon shekara ashirin. Ya toshe hanci ya ce mu tafi. Na soka tsinke a gabansa don ya gani, yatsa ya motsa.

Ga abin da kuke son ji, to ku ji. Daga iyaka motocinsu hannun hagu suke bi. Direbanmu ya karkata ya koma ɗaya gefen, duk motar da ta taho Kawu sai ya rufe ido ya yi kalmar shahada. Kuɗinsu fam ne da sule, namu sai an canza. Mu kuwa ’yan Faransa suke ce mana, ko da yake bakinmu da nasu kusan ɗaya ne, in na ce lakwal maimakon makaranta, ko buro maimakon ofis, sai su yi dariya. Shinkafarsu ja ce da manja, da safe kuma burodi suke tsomawa a shayi mai madarar gwangwani. Fitilar da ba ta shan kananzir gaskiya ce, na gan ta, ba ta warkar da kowa ba.

Mun isa asibitin Sakkwato bayan an tashi daga ɗaukar hoto, aka ce sai gobe da hantsi. Muka nufi gidan Alhaji, uban Rabi, wanda ya bar fawa tun muna yara ya koma fataucin fatu. Ba ya gari, ya je ƙauye sayen kaya, ana sa ransa da safe. Iyalinsa suka karɓe mu hannu bibbiyu, aka share mana ɗakin baƙi. Kun san Shaibu da kunya. Shekara shida da aure bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Tun a hanya yake tambayata yadda za a yi Baba ya same shi a miƙe. Na ce mashi ko Sarkin Musulmi ne ya shigo, a miƙe zai same shi.

Da asuba bayan salla na soka tsinke. Ya ce wash, har ya yi dariya ya ce na kusa mai da ƙafarsa tsire. Yatsa ya motsa, dama da hagu. Kwana biyu, mota biyu, iyaka guda, ga asibiti can ana hango rufinsa. Na ce wa Kawu zan je in samo kura, wato amalanken da ake turawa da hannu, mu kai shi. Na ce kada ya matsa, kada ya taɓa ƙulli. Ya ce shi ba yaro ba ne.

Nan zan faɗi nawa laifin, don ban zo in wanke kaina ba. Na samu mai kura nan da nan. Amma hanyar ta bi ta mahautar birni, na ga suna raba gadon bayan sa da zarto, ba da gatari ba, tsaf, lakar na kwance a raminta ba ta fashe ba. Ban taɓa gani ba. Na tsaya. Na yi tambaya, aka ba ni zarton na riƙa, muka shiga gardama a kan yadda ake fitar da awaza. Ban fi shan fura biyu ba a wurin, amma na tsaya.

Da na shigo gidan na ga takalma a ƙofar ɗakin baƙi. Na ɗaga labule. Alhaji na zaune a kan buzu. Kawu Nomau na gefe da rawani a kansa, an naɗa shi tsaf har da amawali. Shaibu kuwa yana zaune, zaune nake gaya maku, an jingina shi da bango, kansa a sunkuye, zufa na zuba daga haɓarsa, yana cewa, “Lafiya lau, Baba. Da sauƙi, Baba.”

Abin da ya faru, da aka ce ga Alhaji ya iso, Kawu ya ce shi ba zai gaisa da surukin gidansu da kai tsirara kamar bawa ba, zai ari rawaninsa na ɗan lokaci ya mayar. Da Shaibu ya ji kafaɗa da ƙugu sun saku, ya ce a tada shi. Alhaji ya shigo ya tarar ana kokawar, ya ce a'a, kwanta abinka, kwanta abinka. To wa ya taɓa jin an ce wa suruki kwanta ya kwanta? Ai faɗa ake yi, kowa ya san ba a nufi. Kawu ya kama shi ta hammata ya ja shi sama.

Ban gaida kowa ba. Na durƙusa na soka tsinke. Shiru. Na ƙara sokawa har jini ya fito, yana kallona bai san na yi ba. Na ce ya motsa yatsa. Ya ce, “Na motsa, Yaya.” Yatsan na nan inda yake.

Na tashi na fizge rawanin daga kan Kawu a gaban Alhaji, a gaban kowa. Ya ce, “Illa, ni kake wa haka? Ni da na ga haihuwarka?” Na ce mashi, “Kawu, ka sayi gaisuwa da ƙafafun ɗan ’yar'uwarka. Allah ya sa ta yi maka albarka.” Ban sake yi mashi magana ba har yau, kuma masu zuwa ba ni haƙuri su huta.

Mun mayar da shi kan katakon, na sake ɗaurewa, ihu bayan hari. A asibiti aka ɗauki hoton. Likitan Ba'indiye ne, da wani ma'aikaci mai yi mashi tafinta. Ya ɗaga baƙar takardar ga haske, sai ga cikin ɗan'uwana kamar na rataye shi a rumfa. Don kada in yi kuka a gaban baƙo sai na shiga ƙirga. Haƙarƙari sha biyu dama, sha biyu hagu, sun fito daga gadon baya sun zagayo kamar kwando. Akuya sha uku gare ta. Wanda ake cewa namiji ya rasa a hagu, ni ban ga gurbinsa ba. Likita ya ga ina bi da yatsa, ya nuna mani da alƙalami, gaɓa bakwai a wuya, sha biyu masu ɗauke da haƙarƙari, biyar a ƙugu. Na ce wuyan rago ma bakwai ne. Ya dube ni ya tambayi aikina, tafinta ya faɗa mashi, bai yi dariya ba. Sai ya sa alƙalamin daidai inda na taɓa a Tajaye. Gaɓar ta murƙushe, ta sama ta zame a kanta, ramin da laka ke bi ya toshe.

Ya ce wanda ya ɗaure shi a katako ya yi daidai. Yabon nan ya fi mani zagi ciwo. Na tambaya ko faɗuwar ce ta gotar da ƙashin ko zaman. Ya ce hoto ba ya nuna lokaci. Na ce ni na san lokacin, da hantsi ne, ina riƙe da zarton wani.

Wata guda muka yi. Haƙarƙarin suka haɗe, ƙeya ta warke ko tabo ba sosai ba. Alhaji ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abinci safe da yamma, shi ya samo motar da ta maido mu, ban da abin da zan ce da shi. Shaibu kuma kullum sai ya ce kada in ga laifin Kawu, shi ya ce a tada shi, ta yaya Baba zai shigo yana kwance? In ya faɗi haka sai in fita waje, don ban san wanda zan daka ba. Da dawowa ba wanda ya tsayar da mu a iyaka, kuma ban ce wa direba ya rage gudu ba.

Katakon yana nan, na wanke shi na mayar rumfa, a kansa na sara maku naman da kuka saya jiya. Ku kuma da kuke cewa haka Allah ya rubuta, na yarda, amma da hannun mutane aka rubuta, har da nawa. In ɗayanku ya faɗo daga rumbu ko daga gawo, ku aiko a kira mahaucin nan na bakin ƙofa, kuma ku ɗaure wanda ya faɗon da igiyar da ba mai jin kunyar rasa ta.

Makon jiya Alhaji ya zo Tajaye duba shi. Ina ɗakin, ina juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Da Shaibu ya ji sallamarsa sai na ga ya dafa tabarma da gwiwar hannu yana yunƙuri, jijiyar wuyansa ta tashi, daga ƙugu zuwa ƙasa ko gezau. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Kwanta abinka, ɗana.” Wanga karon ya kwanta.